Gwangwanin da Bai Shiga Rabo Ba

Tun kafin masu jana'iza su gama karkaɗe ƙasar maƙabarta daga takalmansu, Malam Shamsuddeen ya sa wa ɗakin ƙanensa kwaɗo. Sabo ne fil, da sauran mai a jikinsa, alamar a hanya aka saye shi, tsakanin kabari da gida. Ya ja shi ya tabbatar ya kama, ya jefa makullin a aljihun gaban rigarsa, sannan ya fita ƙofar gida ya zauna karɓar gaisuwa.

Babu wanda ya yi mamaki. Duk Shinkafi an san Malam da rabon gado. Shi ne ya taɓa hana a share ɗakin wani mamaci, saboda a cewarsa tsintsiyar ma ta magada ce. Mutane suna yabonsa a kan haka, musamman waɗanda ba a mutu a gidansu ba tukuna.

Rahina, matar marigayin, tana zaune cikin mata a tsakar gida, ta ga komai ta tsakanin kafaɗun masu kuka. Harsashin 'yan bindiga ne ya sami mijinta Lado a hanyar Ƙaura Namoda yana tuƙa motarsa cike da fasinja, kuma tun da aka shigo da shi take kuka kamar kowa. Ƙarar kwaɗon ce ta tsayar mata da hawaye. A cikin ɗakin nan, bayan jarkar baƙin mai, akwai wani babban gwangwanin madara da aka cusa wa auduga don kada ya yi kara in an taɓa shi. A cikinsa akwai maganin watanni, nata da nasa.

Lokacin awon cikin Rumaisa'u, 'yarsu tilo, aka gaya musu. An gwada Rahina aka ce tana ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, aka kira Lado aka gwada, shi ma haka. Sun yi faɗan wa ya kawo wa wa cikin raɗa har suka gaji, sannan suka fara shan magani. Rumaisa'u ta zo duniya lafiya lau. A wani asibiti a Ƙaura suka yanki kati, duk da akwai na garinsu. Haka tsarin yake a yankin nan, ba tare da wata hukuma ta rubuta shi ba: mutumin Shinkafi ya karɓi maganinsa a Ƙaura, mutumin Ƙaura ya tafi Gusau, mutumin Zurmi ya je duk inda ba a san kakansa ba. Kowa ya bar asibitin bayan gidansa ya bi hanyar da ake harbi, domin ɗan bindiga ba ya kai labari gidan surukai.

Da yake Lado kullum yana kan hanyar, shi yake karɓo musu. Tun a Ƙaura yake juye ƙwayoyin a leda ya ƙona robobin, ya zo gida ya zuba a gwangwani. A ɗakinsa yake ajiyewa, saboda ɗakin mace kasuwa ne, wannan ta shigo aron turare, waccan neman allura, kowa da hannunta cikin kwanuka. Duk Juma'a sai ya ƙulle mata na mako, ta soke a haɓar zane. Ranar da aka kashe shi, abin da ke haɓar zanenta bai rufe tsakiyar tafin hannu ba.

Abin dariyar, ga mai sha'awar irin wannan dariya, shi ne Malam Shamsuddeen ne shugaban kwamitin malamai na wayar da kai a kan wannan cuta. Yakan je taron bita Gusau ya dawo da jaka da hula. Ana sa muryarsa a rediyo yana cewa masu cutar 'yan'uwanmu ne, kada a guje su. Rahina ta taɓa tambayar Lado me zai hana ya gaya wa yayansa, tunda ga irin abin da yake faɗi. Lado ya ce, "Yaya shina son masu wagga cuta kamar yadda ake son kura a hannun gardi. A tsaya nesa a yi kallo, a ce Allah mai iko."

Bayan sadakar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Rahina ta lulluɓa ta tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Malam, ina son in ɗauki wani abu a ɗakin marigayi."

"Mi?"

"Wani abu nawa."

"Abin ba shi da suna?"

Ta ƙara jan lulluɓinta.

"Uwar Rumaisa'u, abin da yake naki ba ya ɓacewa. Ranar rabo za a hito da komi tsakar gida, ki nuna, ki kawo shaida, a ba ki. Tumuninki na takaba kuma ba mai taɓa shi."

"Yaushe za a raba?"

"In Isah ya iso daga Maraɗi."

Isah shi ne autansu, mutumin da bai taɓa isa ko'ina a ranar da ya faɗa ba.

"Malam, ba ni iya jira."

"Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ke ba ki iya jira." Ya juya shafin littafin da ke cinyarsa. "Na ga irin wagga gaggawa gidaje da yawa. Ban taɓa ganin inda ta ƙare da mutunci ba."

Inna Gimbiya, uwarsu, tana kusa tana tsintar wake, kuma kunnenta bai tsufa tare da sauran jikinta ba. Daga wannan rana ta ɗauke tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin Lado. Ita ce dama mai kula da takabar: ba kwalli, ba turare, ba leƙa waje, ƙafar Rahina kada ta tsallake dokin ƙofar zaure. Yanzu kuma ta sami aiki na biyu, gadin kayan ɗanta daga matar ɗanta, kuma da gani ya fi na farko yi mata daɗi. Rahina ba ta da wanda za ta kai wa kuka. Danginta na Gurbin Ɓore sun watse tun da zaman ƙauye ya gagara, wasu na Zurmi a gidan aro, wasu ko wayarsu ba ta shiga.

Da rana tsaka, lokacin da gidan ya yi barci, ta shiga banɗaki da waya ta kira Madina, nas ɗin da ke ba su magani.

"Sista, ni ce matar Lado direba."

"Allah ya jiƙansa, mun ji. Ki taho a ba ki wani."

"Takaba nike."

"Na sani. Amma yanzu ba a ba kowa sai ya dangwala yatsa ga na'ura. Daga sama anka kawo dokar. An ce wasu wurare suna karɓar magani da sunan mutanen da babu su, shi ya sa anka ce kowa ya zo da yatsansa."

"Da can marigayi ke karɓo muna."

"Da can kenan."

"In aiko wani?"

"Ki aiko shi da yatsan naki, in yana ciruwa." Madina ta ja numfashi. A bayanta ana jin hayaniyar layi. "Ki yi haƙuri, tun safe nike wannan bayanin. Ni dai abin da zan gaya miki, kada ki bari ya yanke. In ana sha ana bari, cutar tana koyon maganin, ya zo ya daina yi miki aiki."

"To in yi yaya?"

"Ki gaya ma wani a gidan."

Rahina ta kashe wayar. Ta zuba ruwa a ƙasa don Inna ta ji ƙarar wanka.

Ranar da ƙwayar ƙarshe ta rage, Hafsat ta yi sallama. Ba a Shinkafi kaɗai ba, har Zurmi inda aka haife ta, an san Hafsat. Mai sayar da atamfa ce, kuma ita ce ta shiga rediyo ta faɗi sunanta da na ubanta, ta ce tana ɗauke da cutar. Tun daga nan take jagorantar ƙungiyar masu irin lalurar, tana bin ofisoshi, kuma tun daga nan in ta shiga gida ake lura da kofin da ta sha ruwa. Matan da ke tabarma suka matsa mata wuri fiye da yadda jikinta yake bukata. Ta yi wa Inna gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta bi Rahina ɗaki kamar mai son yi wa ƙawa ta'aziyya a keɓe. Ba ƙawaye ba ne. Sun taɓa haɗuwa a bencin asibitin Ƙaura, kowacce ta kalli bango.

"Wa ya aiko ki?" in ji Rahina.

"Madina ta kira ni."

"Ashe asirin asibiti ƙahwa gare shi."

"Da bai da ƙahwa da bai iso miki ba." Hafsat ta kwance wani ƙulli daga jakarta, kamar na goro, ta ajiye a bakin katifa. "Cikin nawa ne. Ba yawa, don ke ce ta ukku da na ɗiba ma bana. Ni ma ba a ba ni da ƙari."

Rahina ta ɗauke ta soke a zane. Ba ta yi godiya ba.

"Tun da anka kawo dokar muke roƙo," in ji Hafsat, "mai takaba a kai mata na'urar gida, ko a ɗaga mata ƙahwa har ta hita. Asibiti sunka ce ba su da iko, amma in kwamitin malamai ya nema za su kai sama. Na je wurin yayan mijinki. Kin san mi ya ce? Ya ce shi bai taɓa jin mai takaba da wagga cuta ba, in an samu a zo a gaya mishi. To ga ki cikin gidansu."

"Shi ya kawo ki kenan. Ba gaisuwa ba."

"Duka biyu."

"Ke kin kai sunanki rediyo, an ba ki riga da hula. Ni ba a yin talla da ni. Ɗiya gare ni, wata rana za a zo neman aurenta, a bincika gidansu."

"Ni ma ɗiya gare ni," in ji Hafsat, tana gyara mayafi. "Har yau tana da uwa."

Da ta tafi, Inna ta sa aka wanke kofin da toka, aka kife shi can gefen rariya.

Ƙullin Hafsat ya ƙare, Isah bai zo ba. Rahina ta wayi gari ba abin da za ta haɗiya, ta kuma wayi wani garin haka. Ba ta ji ciwon kai ba, ba zazzaɓi, ba komai, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Tana daka, tana wanki, tana tsefe wa Rumaisa'u kai, tana jin kamar wani abu a cikin jininta ya farka yana miƙa. Kullum sai ta wuce ta gaban kwaɗon. Ta san inda taɓarya take, ta san bugu nawa zai ɗauka, ta kuma san sunan da za a kira ta da shi daga nan har ta mutu. Sai ta ce wa kanta Isah zai zo gobe.

A ƙarshe dai ya zo, da ƙura a gira da uzuri a baki. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Malam ya buɗe kwaɗon, ya ce a dakata ya shiga shi kaɗai tukuna ya duba, kamar yadda ya saba. Ya ɗan jima. Ya fito, hannu ɗaya cikin babbar rigarsa, ya kewaya bayan gida da buta, ya dawo, sannan ya ce Isah ya fara fito da kaya.

Aka fito da riguna da huluna, da bargo, da rediyo, da jak da sifanu, da tsohon batir, da jarkar baƙin mai. Rahina tana daga ƙofar ɗakinta cikin lulluɓi, idonta a hannun Isah duk fitowa. Ta riga ta shirya abin da za ta ce: maganin ciwon mara ne, nata ne, in ana son rantsuwa ta rantse.

"Shi kenan," in ji Isah, yana kaɗe hannu.

"Ba saura?" in ji ta.

"Sai gizo-gizo. In kina so a sa shi cikin tumuninki."

Ta tashi ta leƙa. Inna ta ce, "Ga ta nan dai," amma Rahina ba ta juyo ba. A kusurwar da jarkar ta tashi, akwai zagayen tsatsa a kan siminti, daidai gindin gwangwani.

Malam ya yi rabonsa yadda ya iya, a tsanake, da ayoyi. Na uwa, na mata, na 'ya, ragowar na 'yan'uwa, wato shi da Isah. Har rabin sabulun wanka sai da ya ɗaga ya tambayi magada in sun yafe wa juna. Rediyon da bargon suka faɗo wa Rahina. Ba ta taɓa su ba.

Bayan azahar ta same shi a zaure shi kaɗai. Ta yi sallama, amma ba ta tsaya bayan ƙyaure ba, ta shigo ta tsaya a gabansa.

"Malam, gwangwanin."

"Wane gwangwani?"

"Kai da ka ɗaga rabin sabulu."

Ya dubi ƙofar cikin gida. In ya rufe ta, ya keɓe da matar da ba muharramarsa ba. In ya bar ta a buɗe, ga kunnen Inna. Ya bar ta a buɗe, ya rage murya.

"Na san abin da ke ciki. An nuna muna irinsu Gusau, har an ba mu mun riƙa. Na suturta ɗan'uwana. Mutum ya mutu shahidi, gari duka ya shaida, ba ni bari a zube mishi wannan a tabarma gaban Isah da Inna."

"Ina yake?"

"Na zuba shi shadda, bayan gida."

Ta dafa bango.

"Duka?"

"Duka."

"Rabi nawa ne."

Malam ya ɗago ya dube ta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Mutumin nan ya zauna tarukan bita har kujerun otal sun san shi. An zana masa yadda cutar take bi, ya kuma hau mumbari ya zana wa wasu. Amma da ya buɗe gwangwanin nan, sunan gidansu kawai ya gani a ciki. Bai tuna cewa ƙanensa yana da mata ba.

"Rumaisa'u hwa?" ya ce a hankali.

"Lahiyarta lau. Albarkar abin da ka zuba shadda."

"Wa ya sani?"

"Kai."

Ya murza gefen littafi. Da ya sake magana, muryar ta dawo irin ta mai yanke hukunci.

"Wa ya kawo ma wani?"

"Kabarin ba nisa. Je ka tambaya."

"Ki iya bakinki. Gidanmu kike."

"Na sani, shi ya sa na zo wurinka. Ka zubar da kayan mai rai cikin na mamaci, ba shaida, ba tambaya. Mi littahin ya ce a kan wanda ya yi haka?"

Bakinsa ya motsa kafin ya so. "Ya maida irinsa."

"To maida."

"Zan aika Ƙaura a karɓo."

"Ba a bayarwa sai da yatsana. Ka san da haka, Hafsat ta gaya maka tun da anka kawo dokar. Ka ce ba ka taɓa jin mai takaba da wagga cuta ba."

"Kada ki kawo mani sunan matar nan cikin zaure." Ya shafa gemu. "Ga ki tsaye, ba alamar ciwo. Ki yi haƙuri ki ƙarasa kwanakinki. Ranar da kika hita takaba, ni da kaina zan sa a kai ki, ba wanda zai ce komi."

"To ka adana kwaɗon nan. Za ka buƙace shi ga ɗakina."

"Ajali na hannun Allah."

"A rediyo ba haka kake cewa ba. A rediyo cewa kake kada a tsallake ko rana guda."

Akuya ta leƙo zauren ta koma. Daga cikin gida Inna ta yi tari irin na mai sanar da cewa tana nan.

"Gobe Alhamis," in ji Rahina. "Zan hita. Ko dai cikin motarka, da Inna a gefena, a ce bayanta za a duba ni kuma jiri ke damuna. Ko kuma da ƙahwa, ni da Hafsat, mu ratsa kasuwa zuwa tasha, ita ta riƙe mani jaka."

"Barazana kike mani?"

"Fatawa nike nema. Mai takaba tana iya hita don lalura, ko ba ta iyawa?"

Duk garin nan ba a taɓa jin Malam Shamsuddeen ya karkatar da amsa a kan mas'ala ba. Shi ne jarinsa, ba shi da wani. Ya dubi littafin, ya dubi ƙofa.

"Tana iyawa," ya ce. "Da rana. Ta dawo ta kwana ɗakinta."

Da safe suka bi ayarin motocin da ke jiran rana ta ɗaga kafin su kama hanyar Ƙaura. Inna Gimbiya ta yi mita tun daga ƙofar gida. Ba ta yi wa ɗanta na fari magana kai tsaye, don haka gilashin mota take gaya wa cewa a zamaninsu mai takaba ko maciji ya sare ta a ɗaki ake ɗaure mata ƙafa, kuma ita bayanta bai ce yana son likita ba. Da suka zo inda aka harbi Lado, ɓaraguzan gilashi na nan a gefen kwalta. Motar ta yi tsit, har Inna.

A asibiti aka kai Inna layin tsofaffi. Malam ya kewaya da motar can baya, ya tsaya ƙarƙashin wani darbejiya, ya ce nan zai jira. Bai san cewa ɓangaren da Rahina za ta shiga shi ne ginin da ke fuskantar darbejiyar ba. Ita kuma ba ta gaya masa ba.

A ciki, bisa bencin masu jira, an manna wata babbar fosta. Malam ne a jiki, da rawani, ya ɗaga hannu ɗaya, a ƙasa an rubuta: Ɗan'uwanka ne, kada ka guje shi. Rahina ta zauna daidai ƙarƙashin gemunsa har layi ya zo kanta. Ta dangwala yatsa, na'urar ta ƙi. Madina ta ce ta goge shi a zane, hannun mai wanki ne. Ta sake, na'urar ta yi ƙara ta amince cewa ita ce.

"Tun yaushe ya yanke?"

Ta gaya mata. Madina ta tsuke baki, ta ɗebi jininta, ta miƙo roba guda.

"Na wata ɗaya. Tunda kin tsallake, ba ni ba ki mai yawa sai mun ga abin da jinin ya ce. Ki dawo wata mai zuwa, da watan da ke bi mishi."

"Takabar ba ta ƙare ba."

"Wanda ya kawo ki yau ya sake kawo ki."

Da ta fito, ta tarar Malam yana tsaye a jikin mota, wani mutum kuma ya riƙe masa hannu da hannu biyu. Dalhatu ne, mai nama a bakin tashar Shinkafi, wanda ba ya rasa sahun farko a bayan Malam. Daga ginin nan ya fito, da baƙar leda a hammata.

"Inna na kawo," Malam yake cewa. "Ciwon baya."

"Haka ne, Malam," in ji Dalhatu cikin ladabi da tausayi. "Ni ma Innata na kawo. Allah ya ruhwa muna asiri baki ɗaya."

Ya sake matsa hannun, ya tafi yana waiwaye.

Rahina ta shiga baya ta zauna. Ta ɓalle murfin robar, ta fasa ledar ruwa da haƙori, ta haɗiyi ƙwaya ɗaya. Malam yana kallonta ta madubi, jijiyar wuyansa a tashe.

"An gama?"

"Na wata guda sunka ba ni. Wata mai zuwa za mu dawo."

"Mu?"

"Har in hita takaba. Sai in kwamitinku ya nemi a riƙa kai na'urar gida."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana duban inda Dalhatu ya ɓace.

"Ranar da kika hita takaba," ya ce, "ki nemi inda za ki zauna."

"Zan nema. Da raina dai."

Ya gyara madubi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Matar nan mai atamhwa. Ki ce ta zo ta same ni. A masallaci, ba gida ba."

Aka kawo Inna da ƙullin maganin shafawa da sabuwar mita a kan likitan da bai kai jikanta ba. Suka kama hanya don kada la'asar ta same su a daji. Rahina ba ta juye ƙwayoyin a leda ba, ba ta cusa musu auduga ba. Robar tana cikin jakarta yadda aka ba ta, kuma hanyar Shinkafi ba ta da arzikin komai sai ramuka. Duk ramin da suka faɗa, sai robar ta yi kacau-kacau.

Inna ta saurara, ta dubi gilashi.

"Mi ke ƙara haka?"

Malam ya sauya giya.

"Motar ce," in ji shi.